Musayar Waƙa: Wadi Halfa, Zangon da Dogo Ya Raya, Ruwa Ya Ci

Malam Sidi, Aboabo

Salamu alaikum 'yan zaure. Na wannan mako Wadi Halfa ce, 'yar tashar jirgin ƙasa a ƙarshen arewacin Sudan, dab da iyakar Masar. Ƙa'ida tana nan yadda aka saba: amsa da baiti, gyara ma da baiti.

Da sunan Allah nake buɗe baki,
Mai raya gari, Mai iya shafewa.

Salati ga Manzo da alayensa,
Sa'an nan ga Halfa nake juyawa.

Gari ne a bakin kogin Nilu,
Daidai inda Sudan take ƙarewa.

Hamada gabas, hamada yamma,
A yi shekaru hadari ba ya haɗuwa.

Kudu da shi duwatsu sun cika kogi,
Jirgin ruwa nan yake tsayawa.

Kaya ya sauka, a nemo raƙuma,
Asalin garin ke nan, wurin saukewa.

A 1875 Isma'ila mai mulkin Masar,
Dogo ya sa aka soma shimfiɗawa.

Mil 33 aka kai, wajen Saras,
Bashi ya ci baitulmali, sai dainawa.

Sai ga Kitchener, janar ɗin Ingila, a 1896,
Daular Mahadi ya zo rushewa.

Nilu a nan ya tanƙware kamar baka,
Wanda ya bi gaɓa ya sha zagayawa.

Ya ce shi tsirkiyar bakan zai bi,
Halfa zuwa Abu Hamad, ba ratsewa.

Mil 230 na rairayi da tsakuwa,
Ba ƙauye, ba gona, babu inuwa.

1 ga Janairu 1897 aka sa hannu,
31 ga Oktoba aka kai ga gamawa.

Wata goma cur. Baba Inuwa, ga fili,
Yadda aka yi shi, kai ke da cewa.

Baba Inuwa Fita, Suame

Malam, ka sosa mini inda ke ƙaiƙayi,
Zancen ƙarfe ba ya ɗaukar ƙarya.

Girouard ne injiniyan, ɗan Kanada,
Bai cika 30 ba aka aza masa kaya.

Shi ne ya gaji Lugga a Arewa a 1907,
Dogon Baro zuwa Kano shi ya buɗe wa hanya.

Ga jerin aikin: masu awo ke gaba,
Su kafa turaku, su ja igiya.

Masu shebur su tara ƙasa su yi gado,
Tudu a sare shi, kwari a cike shi har wuya.

A jera silifa, katakon da dogo ke hawa, a gicciye bisa gadon,
A sauko da dogo, ƙarti na riƙe gaba da baya.

Tsakanin dogo biyu ƙafa 3 da inci 6,
Da ma'auni ake yi, ba ƙiyasin zuciya.

Milimita 1067 ke nan, ku riƙe,
Da na Sekondi zuwa Kumasi uwarsu ɗaya.

A mahaɗa faranti biyu, ciki da waje,
Noti 4, a shafa mai don zaman lafiya.

Kar bakin dogo ya taɓa na ɗan'uwansa,
A bar 'yar kafa, nan ne sirrin tafiya.

Dogo mai ƙafa 30, zafi ya ƙaru da digiri 40,
Milimita 4 zai miƙe, wannan gaskiya.

In babu kafar sai ya tokari na gabansa,
Layi ya murɗe kamar macijiya.

Haka in an ɗaure noti tamau babu mai,
Kafar na nan, amma dogo ba ya zamiya.

Direba ya taho da azahar bai sani ba,
Ƙafa ta bar dogo, tarago ya sha ƙasa, sai jinya.

A ƙarshe a ɗaga, a cusa ƙasa ƙarƙashin silifa,
A sa sandar ƙarfe a miƙe shi kamar kibiya.

Jirgi biyu ke zuwa bakin aiki kullum,
Mai dogo da silifa shi ke isa da safiya.

Na biyu da rana, da abinci da wasiƙu,
Mutum 2,500 a tanti, garin da ke bin aiki a baya.

Ranar da hannu ya faɗa, yadi 5,300,
Mil 3 ke nan kafin duhu ya rufe duniya.

Hajiya Ladi, Asawase

Sannu da ƙoƙari Baba, amma ka ci tuwo ka manta da randa.

Baba Inuwa, ka ƙirga noti,
Ka auna kafa, ka ɗaura faranti,
Amma ka tsallake babban baiti,
Jirgin tururi ba ya motsi sai da ruwa.

Kan jirgi in zai bar tasha,
Sai ya jawo abin da zai sha,
Na zuwa, na komowa, da na lebura su sha,
Tarago bayan tarago duk tankin ruwa.

Kullum layi in ya ƙara,
Tankuna ma sai an ƙara,
Wurin dogo ya ragu, ga asara,
Jirgi na ƙona kwal don jan ruwa.

Sai aka ce a gwada haƙa,
Masu dariya suka ce hauka,
A mil 77 aka sa diga aka duƙa,
Sati 5, ƙafa 90, sai ga ruwa.

A mil 126 aka kuma dace,
Rijiya ta biyu, fargaba ta wuce,
Tasha ta 4 da ta 6 ke nan, in an ce
A nuna inda hamada ta ba da ruwa.

Tashoshin hanyar ba su da suna,
Lamba 1 zuwa 10, a tsakar rana,
Wa zai yanka rago inda ba gida ba gona?
Mai gadin can ma jirgi ke kai masa ruwa.

Ruwan rijiya kuma yana da gishiri,
In ya tafasa ya bar ɓawo fari,
Ya lulluɓe bututu, wuta ta rasa tasiri,
Kwal na ci, zafi bai isa ga ruwa.

Kowace mace ta san shi a gindin buta,
A jirgi kuwa bututun ke ƙonewa a wuta,
Ya tsage, ya yi yoyo, tururi ya fita,
Jirgi ya mutu a daji da cikinsa fal ruwa.

Maganin a kashe wuta, tukunya a wanke,
Ta huce tukuna, matosai a ɗauke,
In an yi gaggawa ƙarfen ya farke,
Zazzafan ƙarfe ba ya son sanyin ruwa.

Shi ya sa Halfa ta zama uwar ɗaki,
Nan maƙera suke, nan wurin aiki,
Nan ake buɗe kan jirgi a duba ciki,
Don ita ce ke zaune a bakin ruwa.

Ɗan Asabe, Akwatia Line

Iyayena ku yi mini afuwa, yaro zai sa baki. Hajiya, na ari amon baitinki na ƙarshe.

Kun yaba awo, kun yaba rijiya,
Ba ku ce don me aka yi wannan aiki.

Ba don fatake ba, ba don alhazai ba,
Bindiga ya ɗauka da soja da doki.

Har jiragen yaƙi na ruwa, gunduwa-gunduwa,
A tarago, a harhaɗa su a gaba, abin mamaki.

Yuli 1898 dogo ya kai Atbara,
2 ga Satumba Omdurman ta sha hayaƙi.

Ansar, mayaƙan Mahadi, fiye da 10,000 suka kwanta
A filin Karari, kafin a sauke girki.

Masu ɗaukar dogon kuma su wane ne?
Talakawan Masar da aka ɗebo aikin sarki,

Da 'yan kurkuku, da kamammun yaƙi.
Sunan Girouard na littafi, nasu ba ya ko a baki.

Malam Sidi, Aboabo

Ɗana, gyaranka ya karɓu, ba musu,
Alhaji Garba, kasuwa taka ce, sai ka matso da faɗawa.

Alhaji Garba, Alabar

Mu 'yan Zango ai ba a yi mana fassara,
Halfa ba birni ba ce, ita ma zango.

Arzikin zango ba daga gona yake ba,
A sauke, a kwana, a ɗaura, shi ne jigo.

Dogon Masar ya tsaya a Shallal, gefen Aswan,
Na Sudan a Halfa, tsakani ba dogo.

Ko yau aka haɗa su ba za su gaisa ba,
Na Masar milimita 1435, kowa da nasa tarago.

Sai jirgin ruwa ya cike tsakani,
Kowane buhu sai ya hau kai, ba aikin rago.

Ɗan dako ya ci, kwastan ya ci, mai masauki ya ci,
Mai shayi, mai burodi, kowa ya buɗe shago.

Wasiƙar Landan zuwa Kartum nan take bi,
Daga ƙarshen 1899 garin na shan ƙamshi kamar ango.

Angwancin bai daɗe ba. A 1906
Aka huda wa Sudan ƙofar Bahar Maliya a bango.

Kaya mai nauyi ya koma Fot Sudan,
Auduga da ƙaro suka bi can, Halfa ta koma cin rogo.

Hedkwatar reluwe da manyan wuraren gyara
Suka koma Atbara, suka bar mata kango.

Abin da ya rage fasinja, wasiƙa, dabino,
Da Usman Digna, barden Mahadi, da aka tsare a lungu da saƙo.

Ku yafe amon, mutumin ya fi amo nauyi,
Nan ya cika a 1926, baƙo a zango.

Yaƙin Hitila ya haɗa mu da ita, daga 1940,
Jiragen sama da aka harhaɗa a Takoradi, zango-zango:

Ikko, Kano, Maiduguri, Kartum,
Su sha mai a Halfa su wuce. Ka ji rabon mai shago.

Malama Rabi, Tafo

Alhaji, ka tsaya a bakin gaɓa,
Bari in shiga ruwan, in faɗi ƙaura.

Nuwamba 1959 Masar da Sudan suka sa hannu,
Madatsar Aswan za ta tashi, an gama shawara.

Tafkin zai miƙo har cikin Sudan,
Halfa da ƙauyukanta ba abin da zai yi saura.

Fam miliyan 15 Masar ta biya,
Mutum wajen 50,000 aka ce su tattara.

Aka bi gida-gida ana ƙirga ɗaki,
Ana ƙirga dabino, kowace bishiya da kuɗin asara.

Dabino kuwa ba a naɗe shi a sa a tarago,
Wanda aka dasa yau sai an yi shekaru ana jira.

Mutanen suka zaɓi kudu da Kartum,
Gwamnatin Abbud ta ce Hashmal Girba, kan kogin Atbara.

A 1960 gari ya fito zanga-zanga,
Soja ke mulki, ba ta hana abin da aka tsara.

6 ga Janairu 1964 jirgin farko ya ɗaga,
Da mutanen ƙauyen Faras aka fara.

Dogon da ya kawo abinci shi ya kwashe su,
Gadaje, tukwane, awaki, a tarago an jera.

Kafin su hau sai da suka je maƙabarta,
Wasu suka ɗebi ƙasar kabari suka ɗaura.

Ƙasusuwan Usman Digna an tono an kai Arkawit,
Sauran mamata ruwa ya zame musu sutura.

A Sabuwar Halfa ƙauyuka 25 aka gina,
Su ma da lamba, Hajiya, kamar tashoshinki na Sahara.

Gona eka 15 ga magidanci,
Auduga, alkama, gyaɗa, ana juyawa duk shekara.

Rufin asbestos, ga tsawa, ga laka,
Wanda bai san damina ba ya sha sauro da takura.

Madatsar Girba kuma tana cikewa,
Ƙasar Habasha kogin ke kwasowa ya tara.

Wasu kuwa suka ce ba inda za su,
Ruwa ya matso, su ja bukka sama, su sake gyara.

Su ne tushen Halfar da ke nan yau,
A kan tudu, bakin tafki, cikin duwatsu da ƙura.

Kawu Musa, Sawaba

Malama, ba sai an je Sudan ba,
A shekarar nan ta 1964 aka yi namu.

Aka toshe Volta a Akosombo,
Mutum wajen 80,000 suka tashi a ƙasarmu.

Sababbin garuruwa 52 aka yi musu,
Tsohuwar Kete-Karachi na ƙasan tafki, zangon malamanmu.

Salaga kuwa ba ruwa ne ya ci ta ba,
Hanyar goro ce ta kauce, ta bar kakanninmu.

Nan Kumasi dogo ya iso a 1903,
Na Ankara ya same shi a 1923, tasha ta zama cibiyarmu.

Yau ku zaga wajen Kejetia ku duba,
Teburin 'yan gwanjo ke kan dogon, muna taka shi da ƙafarmu.

Baba Inuwa Fita, Suame

Kawu ka kai mu gida, bari in maido mu kan layi. Ga abin da ke cin dogo a hamada.

Babban abokin gaba ba ɓarawo ba ne,
Iska ce da abin da take goyo, yashi.

Dare ɗaya ya rufe layi inda aka sare tudu,
Ƙafar jirgi ta hau kansa, ta rasa riƙo, ta tashi.

Sai lebura da shebur su riga jirgi fita,
A kafa shinge ta gefen iska ya tare shi.

A wurin canjin layi harshen ƙarfe ke motsi,
Tsakuwa ɗaya ta hana shi mannewa, ka ji mafarin rashi.

Giris da yashi in sun gauraya sun zama magagari,
Su ci wuyan aksul, sandar ƙafafun, akwatinsa ya yi zafi, ka ji ƙauri ba ƙamshi.

In ba a tsaya ba aksul ya tsinke,
Shi ya sa a kowace tasha ake dafa akwatin a ji shi.

Na biyu ruwa ne, ku yi dariya in kun so,
Kwarin da ya daɗe a bushe yana da fushi.

Hadari ya zuba a duwatsu can nesa,
Ambaliya ta zo ta kwashe ƙasar ƙarƙashi.

Dogo da silifa su rage a rataye kamar tsani,
Daga nesa lafiya lau, direba bai gane ba sai ya hau shi.

Dizal ya zo ya raba jirgi da rijiya,
Ya huta da ɓawon Hajiya, ya huta da ƙishi.

Amma injin dizal numfashi yake yi,
Matatar iska ta toshe, sai baƙin hayaƙi da nishi.

In ta yage ƙura ta shiga silinda,
Ta ci ringi, mai ya ƙone, ƙarfi ya bar shi.

A 1981 Shugaba Numairi ya murƙushe yajin 'yan reluwe,
Ƙwararru suka watse, ilimin hannu wa zai maido shi?

Kayan gyara daga waje suke zuwa,
Takunkumin Amurka na 1997 ya tare su, ga bashi.

Sai a kwance kan jirgi biyu a tayar da ɗaya,
Har a wayi gari ɗayan ma ba mai ba shi.

Silifa ta tsage, ƙusa ta yi sako-sako, a rage gudu,
Kilomita 900 da ɗoriya zuwa Kartum, a kwana biyu ana jan shi.

Alhaji Garba, Alabar

Baba ka bar jirgi a kwance, ni in ɗauko ciniki,
Halfa ba ta mutu ba, rama ce ta kama ta.

A da jirgin fito daga Aswan sau ɗaya a mako,
Kwana guda a tafki, ya wuce Abu Simbel ya iso gaɓarta.

Ranar da ya zo gari ya cika ya batse,
Firji, tukwane, buhuna, kowa da buƙata.

Kwana biyu an watse, sauran makon
Mai masauki na korar ƙuda, ɗan dako ya huta.

Sai aka ja kwalta ta biyo Dongola,
Tafiyar kwana biyu a jirgi, wuni guda a mota.

A 2014 aka buɗe iyakar ƙasa ta Ashkit,
Tirela ta ɗauko daga Masar, ba mai sauke ta.

A 2016 aka ƙara ta Argin, yamma da tafki,
Wannan ko ƙofar Halfa ba ta leƙa ba, ta bar ta.

Zinariya ce ta ɗan rufa asiri,
Matasa da na'ura suna bin hamada suna tona ta.

Afrilu 2023 yaƙi ya tashi a Kartum,
Bas bayan bas, tsofaffi, yara da mata.

Da fari maza 'yan 16 zuwa 49 ke neman biza,
10 ga Yuni Masar ta ce kowa sai da ita.

Ƙaramin ofishin jakadanci ɗaya, dubban fasfo,
Kwana ya koma mako, mako ya koma wata.

Makaranta, masallaci, gindin bango duk masauki,
Kuɗin ɗaki ya hau, ruwan sha ya yi wuya, ga cuta.

Zango ya cika, amma wace irin cika?
Ayarin da bai san ranar tashi ba, ba madugu, ba mafita.

Malam Sidi, Aboabo

An daɗe ana zancen haɗa dogon Aswan da Halfa,
Baba, faɗi ya bambanta, yaya ake haɗawa?

Mu ma ga Tema zuwa Mpakadan a 1435,
Tsohon layinmu 1067, tambayar na tahowa.

Baba Inuwa Fita, Suame

Hanya uku ce, Malam, kowace da kuɗinta,
Bambancin milimita 368 ne, ba ragin ko ɗaya.

Ta farko, layi biyu su kwanta gefe da gefe,
Kwantena a ɗaga da kuren, buhu a kai, a sauya.

Ita ce mai arha ranar gini, mai tsada kullum,
Ita ce kuma Alhaji zai so, don ɗan dako ke cin moriya.

Ta biyu, a ɗaga tarago da jak a kusurwa huɗu,
A zare ƙafafun, a turo na ɗaya faɗin daga ma'ajiya.

Sai birki ya dace, maƙala ta dace da tsayi,
In ɗaya ya saɓa, tarago ya tsinke a tsakar hanya.

Ta uku, a sa dogo na uku a kan silifa mai tsawo,
Ɗaya na tarayya, biyu kowa da nasa, duk a shimfiɗa ɗaya.

Na tarayyar shi ke fara cinyewa,
Jirgin kowa a kansa yake bi, dare da safiya.

Wurin canjin layi kuma harsuna sun ƙaru,
Kowane harshe da ramin da yashi ke ajiya.

A Halfa sai an ɗauki mutum biyu don wannan kaɗai,
Ɗaya da asuba, ɗaya da la'asar, kowa da tsintsiya.